Gemun Malama

Duk wanda ya taɓa bin gudron da ya tashi daga Ƙonni zuwa Madawa ya san Malbaza tun kafin ya karanta allon bakin gari. Farar ƙura ce ke fara tarbarsa: tana bisa ganyen bedi, tana bisa kwanon shaguna, tana bisa girar masu sayar da shayi. Tun shekarun 1960 luzin siminti ke nan, har mutanen garin suka san siminti kamar yadda maƙwabtansu na Galmi suka san albasa. Yaron da bai shiga lakwal ba ma ya san ba a zuba daɓe yau a taka shi gobe. Ana yayyafa masa ruwa safe da marece, ana kare shi daga rana, magina kuma suna cewa sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. To, a wannan gari ne wata malamar lakwal, matar wani attajirin siminti, ta jawo wa fuskarta baƙin tabo na wata shida, don ta kasa yi wa fatarta haƙurin kwana bakwai.

Malama ake ce mata a unguwa, Malama kuma za a ce mata a nan. Ƴar ƙasar Illela ce, aure da aiki suka kawo ta Malbaza. Tana da shekara 19 ta fara ganin gashi uku a haɓarta, baƙaƙe masu kauri, ba irin lallausan gashin da ke fuskar kowace mace ba. Ta sa hantsaki ta tuge su. Bayan sati biyu suka dawo da ƴan rakiya. Daga ran nan hantsaki ya zama abokin sirrinta har shekara goma sha bakwai. Kowace safiya bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, takan zauna bakin taga da ɗan madubi, ta yi ta tsinta ɗai-ɗai har rana ta ɗago. In tafiya ta kama ta, tana iya manta carbi, tana iya manta kuɗin mota, amma hantsaki yana ƙulle a bakin zane. Ba ta zama inda haske zai faɗo mata ta gefe. A taron malamai takan ja hijabi har ya kusa leɓenta, ana ta yaba mata kunya, ita kuwa ta san abin da take rufewa.

Gashin da aka tuge da ƙarfi ba ya mutuwa. Saiwarsa tana nan daram, ramin ne kawai ke jin rauni. Gashi mai lanƙwasa irin na baƙar fata kuma, in ya sake tsirowa, sau da yawa yakan karkace ya soki fata daga ciki, sai ƙurji ya taso, in ya warke ya bar baƙin ɗigo. Shekara bisa shekara haɓar Malama ta cika da ɗige-ɗige har ta fi sauran fuskar duhu. Wata abokiyar aikinta ta kawo mata wani mai cikin ɗan bututu daga kasuwar Ƙonni, irin wanda ake gauraya wa man shafawa don hasken fata. Cikin sati uku tabon ya dushe, Malama ta yi hamdala. Wata shida bayan haka gashin ya haura daga haɓa zuwa kumatu, fatar ta yi shara-shara har ƙananan jijiyoyi suna nunawa. Gwaggonta ta Badagishiri da ta lura sai ta ce: "Ke ɗiyata, bar shi haka nan. Mace mai gemu arziki gare ta, haka muka ji wurin manya." Wasu kuwa a bayan ido cewa suke mace mai gemu ba ta jin maganar miji. Malama ba ta ga arzikin ba, ba ta kuma ƙi jin maganar kowa ba. Gajiya kawai ta yi.

Abin da ya fasa sirrin ƙarami ne. A shekarar 2021 zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, ba ta taɓa hantsaki ba. Ran da ta koma aji, ta duƙa tana gyara wa wani yaro rubutu a allonsa, sai yaron ya ɗago kai ya dube ta, ba da raini ba, da mamaki irin na yara, ya ce: "Madam, ke ma kina zuwa wurin wanzami?" Aji ya yi tsit, sa'an nan dariya ta ɓarke a bencin baya. Ta daure ta ƙarasa darasi. Da daddare, karo na farko tun aurensu, ta buɗe wa maigidanta cikinta. Alhaji ya jima bai ce kome ba, kana ya ce: "Malama, tun shekarar farko nake jin ƙarar hantsakin nan in kin aje shi bisa madubi. Na ga ba ki so in sani, shi ya sa ban sani ba." Washegari ya tambayi limamin unguwa, ba tare da ya ambaci kowa ba. Liman ya ce malamai tun da, ciki har da Imam Nawawi, sun raba tsakanin tsige gira don ado da kawar da gemu ko gashin baki in ya fito wa mace. Wannan na biyun babu laifi a cikinsa, har ma abin so ne.

Likitan mata da suka gani a Tawa bai fara da haɓa ba. Ya tambayi al'adarta, ta ce takan yi wata biyu ko uku ba ta gani ba. Ya tambayi haihuwa, ta ce shekara shida ta yi kafin ta samu ɗiyarta tilo. Ya tambayi ciwon suga a dangi. Bayan awon jini da hoton ciki, ya gaya mata sunan abin: matsala ce ta ma'ajiyar ƙwan haihuwa, wadda ake taƙaitawa da SOPK a Faransanci, kuma likitoci biyu na birnin Shikago, Stein da Leventhal, suka bayyana ta a 1935. Jikin kowace mace yana yin ɗan kaɗan daga sinadarin da ke fito wa namiji da gemu. A wannan matsala yakan yi yawa, sai lallausan gashi ya rikiɗe ya yi kauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 6 zuwa 13 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna da ita, kuma galibinsu ba su san suna da ita ba. Wato a duk gidan suna da aka cika a Malbaza, ba Malama kaɗai ke jan hijabi sama ba.

Da ta fito da ɗan bututun daga jaka, likita ya karanta jikinsa ya girgiza kai. Maganin kortizon ne mai ƙarfi, wanda aka yi don cutar fata ta ƴan kwanaki. Wadda ta daɗe tana shafa shi a fuska, yana sirantar mata da fata, yana jinkirta warkewar miki, kuma shi kansa yana ƙara gashi. Ya tsara mata yadda za ta rabu da shi sannu a hankali, don barinsa rana ɗaya yakan sa fuska ta yi bore. Ya kuma ja mata kunne a kan abu biyu. Na farko, gashin da ya taso wa mace farat ɗaya cikin ƴan watanni, tare da kaurin murya, ba na jira ba ne, asibiti ake kai shi da gaggawa. Na biyu, magani yana iya rage fitowar sabon gashi, amma wanda ya riga ya yi kauri sai an kashe saiwarsa.

Hanyar kashe saiwar tsohuwa ce, kuma ba don kwalliya aka ƙago ta ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san tsofaffin nan da amodari ya juya wa gashin ido ciki, suna yawo da hantsaki rataye a wuya, suna tugewa yana dawowa yana kartar ƙwayar ido. Irin wannan wahala ce ta sa wani likitan ido na garin Saint-Louis a Amurka, Charles Michel, ya gwada zura siririyar allura mai ɗauke da wutar batir cikin ramin gashin. Ya bayyana sakamakonsa a 1875: gashin bai dawo ba. Wani likitan fata na garin, William Hardaway, ya ɗauki dabarar ya kai ta fuskar mata. A 1924 Henri Bordier na birnin Liyon a Faransa ya kawo wata hanya mai aiki da zafi, daga baya kuma, cikin shekarun 1940, aka haɗa biyun a na'ura guda. Ita ce ake kira elektiroliz.

Yadda ake yi ba shi da wuyar ganewa. Allurar ba ta fi gashin kauri ba, kuma ba huda fata take ba: ramin da gashin ya fito take bi har gindi. Sai a saki wuta ta ɗan ƙanƙanen lokaci. A hanya ta farko, wutar tana mai da ruwa da gishirin da ke cikin ramin su zama soda, irin wadda mata ke dafa sabulu da ita, ɗigo ɗaya da ido ba ya gani, ya cinye saiwar. A hanya ta biyu zafi ne ke dafa ta. Ko wace aka bi, abin da ya rage a ƙarƙashin fata ƙuna ce ƙarama da aka yi da gangan. In an taɓa gashi ɗari biyu, mace ta tashi daga kujera da ƙuna ɗari biyu a fuskarta. Kuma zama ɗaya ba ya isa, don gashi kamar gonar da ba a shuka rana ɗaya ba yake: wani yana girma, wani yana kwance ƙarƙashi bai fito ba tukuna. Shi ya sa aikin ke cin shekara guda zuwa shekara da rabi. Akwai kuma na'urar leza, wadda ta fi sauri, amma ita baƙin launi take nema, don haka a baƙar fata tana iya ƙona fatar tare da gashin in ba an yi amfani da irin wadda ta dace ba, kuma ba ta ganin furfura. Allura ba ruwanta da launi.

A ƙarshen watan Maris na 2022, cikin hutun lakwal, Malama ta hau kar zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400, ta sauka gidan wanta ma'aikacin gwamnati. Matar da ke aikin, wadda ta koyo shi a waje, ta fara gwadawa a ɗan wuri ƙarƙashin muƙamuƙi, bayan kwana uku ta duba, sa'an nan ta yi mata minti ashirin a haɓa. Zafin kamar cizon cinnaka ne, ɗaya na bin ɗaya. Da aka gama, wurin ya kumbura ya yi ɗumi. Matar ta ɗora mata tsumma mai sanyi, ta zaunar da ita ta ce:

"Malama, nawa aikin ya ƙare, naki ne ya fara. Kumburin nan zai sauka yau ko gobe. Jibi ko gata za ki ga ƴan ɓawo kamar ƙwayar gero. Ba datti ba ne, rufi ne da jiki ya yi wa ramin. Za su faɗi da kansu cikin sati guda, wani lokaci biyu. Kada ki ɓamɓare, kada ki sosa, kada ki goge. Ban da hoda kwana biyu. Ban da rana. Ban da lemun tsami, ban da man hasken fata ko wane iri. Hantsaki kuma daga yau kin yi sallama da shi. In gashi ya fito kafin ki dawo, ki sa almakashi ko reza mai tsabta, don wanda kika tuge ya ɓuya mini ke nan."

Malama ta ce ta ji. Ta ma rubuta a bayan kaye, kamar yadda take sa yara su yi.

Sai dai azumi ya rage saura ƴan kwanaki, ana ta gaggawar ɗaure aure kafin a ga wata, kuma akwai bikin ɗiyar yayan Alhaji a Dogarawa. Uwar gida ba ta da hanyar ƙin zuwa. Washegarin allura ta kamo hanya, yini guda cikin kar, zufa tana taruwa daidai inda ɗinkin hijabi ke gugar haɓa. Ran biki da safe ta ɗauki madubi, sai ga ƴan ɓawon nan sun jeru, baƙi-baƙi, fiye da ɗari. Ta tuna dangin miji, ta tuna masu ɗaukar hoto da salula, ta tuna matan da ke dubanta tun shekaru. Ta ce a ranta ɗaya kawai za ta cire, wanda ya fi fitowa. Ya fita ba wuya, ƙarƙashinsa ja-ja. Ta cire na biyu. Kafin ta farga ta ɗauko soso da sabulun salo ta dirje wurin tas, ta matsa lemun tsami kamar yadda aka taɓa gaya mata, ta kai fuskarta ga mai kwalliya, aka shafe ta da hoda mai kauri, da burushin da ya riga ya bi fuskar mata goma. Ta wuni ƙarƙashin rumfa cikin zafin bazara, a lokacin da awon zafi ke haura 40 a ƙasar Adar. A hoton bikin ta fito da kyau ƙwarai.

Bayan kwana uku haɓar ta yi tsami, ƙuraje masu mugunya suka fito, sai da ta je asibiti aka rubuta mata magani. Da suka lafa, kowane rami ya bar tabo, baƙi ƙirin, ya fi na hantsaki muni. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.

Abin da ya faru a fatarta ya kamata duk mai baƙar fata ya san shi, mace ko namiji, don haka yake ga ƙurjin aski, haka yake ga ƙunar girki. A cikin fata akwai ƙwayoyin da ke yin launi. Duk inda rauni ya samu suka ji kumburi, sai su ƙara zuba launin, kuma a baƙar fata sun fi saurin amsawa. Ƙunar allura in an bar ta ƙarƙashin ɓawonta, sabuwar fata tana rufe ta daga gefe zuwa tsakiya, kumburin ya mutu da wuri, launin bai samu dalilin taruwa ba. In aka ɓamɓare ɓawon, an mai da aiki baya, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, an tsawaita kumburi. Lemun tsami yana ƙara cin wurin, rana kuma tana hura wutar launi. Tabon da ya tsaya sama-sama yakan dushe cikin watanni. Wanda ya nutse yakan haura shekara. Inda miki ya ci nama kuwa, ɗan rami yake bari, shi kuma ba ya cikewa.

Malama ta yi azumin shekarar da ƙaramar salla cikin ɗaki, ba ta fita sai lakwal. Ta ce ta bar allura har abada, kuɗin da aka kashe ya tafi sadaka. Wata rana da marece Alhaji ya kira ta ƙofar shagonsa na cikin gida, ya nuna mata daɓen da ke bakin ƙofa, inda sawun kofato huɗu suka nutse. Ya ce: "Kin ga wannan? Shekara takwas ke nan. Siminti na kirki ne, ni na zaɓe shi. Magini na kirki ne. Akuya ce ta yi sauri." Malama ta dube shi, tana neman ta yi fushi, sai dariya ta ƙwace mata, karo na farko cikin wata biyu. Ta ce: "Alhaji, yanzu ni ce akuyar?" Ya ce: "Ni dai siminti na sani."

Tabon ya ɗauki wata shida kafin ya dushe, ba tare da ta shafa kome ba sai man kare rana da likita ya rubuta mata. A hutun Disamba na 2022 ta koma Yamai. Wannan karon ta fara duba kalanda kafin ta sayi tikiti: babu biki, babu suna, babu tafiya cikin kwana uku na farko. Ta kuma zauna da mai allurar suka bi rayuwarta ta Malbaza awa bayan awa, don takardun da ke zuwa da na'urar an rubuta su ne don matan ƙasashen sanyi, ba su san alwala ba, ba su san murhu ba, ba su san hunturu ba.

Alwala sau biyar a yini ba ta hana warkewa, muddin ruwan mai tsabta ne. A kwanakin farko Malama tana tafasa nata ta bar shi ya huce, tana bin fuskar da tafin hannu a hankali, sa'an nan ta danna tsumma mai tsabta bisa wurin maimakon ta goge. Hijabin roba mai matse haɓa ta aje shi, ta koma mayafin auduga mai laushi, kullum wankakke. Rigar matashin kai ana sauya ta. Kwana biyu ba ta tsayawa kan murhu ko kaskon suya, don zafi da zufa suna tayar da kumburi. Ƙanwar Alhaji ke karɓar girki. In za ta lakwal cikin ƙurar hunturu da ta luzin, takan saki mayafi ya kare wurin ba tare da ya manne ba, ta riƙe laima, in ta dawo ta wanke. A aji ta hana hannunta mai alli zuwa fuska, abin da ya fi kome wuya, don shekara goma sha bakwai yatsunta sun saba laluben haɓa ba da saninta ba. Bayan kwana biyu, in iskar hunturu ta busar da fatar har tana ja, takan shafa ɗan man kaɗe mai tsabta, shafa ɗaya siririya. In ƙaiƙayi ya taso da dare, tsumma mai sanyi ne maganinsa. A kwana na takwas ta tashi ta ga ɓawon sun zube bisa matashi da kansu, fatar da ke ƙarƙashi ta ɗan fi haske, bayan sati uku ta saje da sauran.

Akwai kuma abubuwan da ta koya tun kafin a taɓa ta, waɗanda duk mai niyyar wannan aiki ya kamata ta riƙe. Allura sabuwa ce ake buɗe ta daga ledarta a gaban mai ita, a jefar bayan an gama, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma shi da sida suna bin jini. Mai aikin ta wanke hannu ta sa safar hannu. Wadda hujin kunne ko wani miki ya taɓa bar mata tabo mai tudu, irin mai ci gaba da girma, ta faɗa tun farko, don irin fatarta tana iya maimaita shi a fuska. Haka mai ciwon suga, don mikinta ba ya saurin warkewa, da mai ciki, da wadda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Duka sai da shawarar likita. In ana aiki mace ta ji ana fizgar gashin kamar da hantsaki, saiwar ba ta mutu ba, don gashin da aka kashe salin-alin yake zamewa. In kuma ɓawon ya fito manya-manya ko wurin yana tsattsafo da ruwa, wutar ta yi yawa, a faɗa wa mai aikin ta rage. Kumburi mai yaɗuwa, zafi mai ƙaruwa bayan kwana biyu, mugunya ko zazzaɓi, waɗannan na asibiti ne.

Babban hutun 2023 kusan duka a Yamai ta yi shi, zama ɗaya kowane sati, wuri daban kowane zuwa don a bar na baya ya huta. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na shekarar, sau da yawa takan je ta tarar babu kuran, ta zauna jira ko ta koma gida. Kuɗin kar da kuɗin allura sun cinye adashin da ta yi shekara biyu tana zubawa, Alhaji ya cika sauran. Zaman da ya fara da minti ashirin ya haura awa guda, sa'an nan ya yi ta raguwa, har a tsakiyar 2024 mai allurar ta yi ta nema da gilashinta ta samu gashi tara kacal. Ta gaya mata gaskiya: waɗanda aka kashe ba su dawowa, amma muddin matsalar cikin jiki tana nan, sabo yana iya tasowa jefi-jefi, don haka kada ta bar ganin likitanta, kada kuma ta bar awon suga.

Yau in Malama ta tsaya gaban allo, haske yana faɗo mata ta inda ya ga dama. Wanda ya matso kusa zai ga ƴan ramuka huɗu a gefen hagu na haɓarta. Na bikin Dogarawa ne, suna nan kamar sawun da ke ƙofar shagon Alhaji. A farkon shekarar karatu da ta wuce aka turo musu wata sabuwar malama, yarinya ƴar shekara ashirin da ƴan kai. A taron farko ta zaɓi kujerar da ke nesa da taga, ta ja hijabi har leɓe. Darekta ya yaba mata kunya. Da aka tashi, Malama ta bi ta har gindin bedi, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta fara musu, sa'an nan ta yi kuka, sa'an nan ta tambayi lambar matar Yamai.

Malama ta ce: "Zan ba ki, ƙanwata, amma ba yau ba. Ki fara ganin likita. In akwai wani mai a jakarki, ki kai masa ya gani. In kin gama wannan, ki duba kalanda ki nemo sati guda da babu bikin kowa a cikinsa. Ran da kika samo shi, ki zo."

Hantsakin yana nan, ba ta yar ba. Yana cikin durowar teburinta a aji, tare da alli da jan bik. In yaro ya taka ƙaya a hanyar lakwal ya shigo yana ɗingishi, da shi take cire masa.